Yini ɗaya a tafkin Komo bayan baje kolin fata: ta Komo za a bi ko ta Varenna?

Dan_Marina:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mu huɗu ne za mu baje kolin fata na Lineapelle a Milan cikin watan Satumba, in Allah ya kai mu. Za mu sauka Litinin, kasuwa ta ci Talata zuwa Alhamis, jirginmu na dawowa sai Asabar da yamma. Juma'a ke nan ba mu da abin yi. Ana ta yi mana zancen wani gari Bellagio da ke bakin tafkin Komo, wai da jirgin ruwa ake shigarsa. A cikinmu akwai dattijo mai ciwon gwiwa. Waɗanda suka san hanya, yaya ake a je a dawo yini guda ba a kwana a hanya ba? Kuma nawa za a tanada?

Dalibin_Pavia:
Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da siffar tafkin, sauran bayani zai zo da sauƙi. Ɗauki gwafa ka kifa ta, ƙafafu biyu ƙasa, sanda sama. Garin Komo yana ƙarshen ƙafar yamma, Lecco yana ƙarshen ta gabas, Bellagio kuma yana daidai cokalin da suka rabu. Ana kiransa Belajiyo, amma a allo Bellagio za ka gani. Babu jirgin ƙasa da ke shiga garin.

Hanya mafi gajarta: daga tashar Milano Centrale a hau jirgin ƙasa na Trenord mai zuwa Tirano, a sauka Varenna-Esino. Awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Daga tasha a gangara bakin ruwa, tafiyar minti 10, a hau jirgin fito, minti 15 kun tsallaka. Wanda ya bar Centrale ƙarfe takwas da wani abu, kafin 10:30 yana Bellagio. A allon tasha kada ku nemi sunan Varenna, ƙarshen hanya suke rubutawa, wato Tirano, wani lokaci Sondrio. Ku zauna ɓangaren hagu, bayan Lecco ruwan zai riƙa bayyana tsakanin ramukan dutse.

Injiniya_Rima:
Ƙanena Dalibi, hanyarka daidai ce, amma Alhaji yawon jirgin ruwa ya tambaya, kai kuma minti 15 ka ba shi. Wannan ai fito ne kawai. Mai son ganin tafkin ta Komo yake bi. Daga wurin baje kolin, Rho Fiera, jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa M1 yana kaiwa Cadorna kai tsaye, saboda haka za ku riga ku san tashar. Daga Cadorna zuwa Como Lago kimanin awa ɗaya, kuma tashar a bakin ruwa take, minti 5 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kun kai wurin sayar da tikiti. Jiragen iri biyu ne. Akwai battello mai tafiyar hawainiya, awa biyu ko biyu da rabi, yana tsayawa Cernobbio, Moltrasio, Argegno, Lenno, Tremezzo, ya wuce ta gefen Comacina, tsibiri ɗaya tilo da ke tafkin. Yana da wurin zama a sarari. Akwai kuma mai sauri, kimanin minti 45, da ƙarin kuɗi.

Hajiya_Mabera:
Injiniya ka faɗi mai sauri, ba ka faɗi aibinsa ba. A rufe yake ruf kamar bas, tagogi duk feshin ruwa, ba abin da za a gani sai gilmawar kore. Kujerunsa ƙidayayyu ne, rana na ɗagawa tikitin ya ƙare. Wanda ya zo kwata 10:30 yana neman mai sauri, sai a ce masa sai na bayan azahar.

Direban_Illela:
Ikon Allah. Mutum ya bar tabkin Kware, ya bar dam ɗin Goronyo, ya canji yuro don ya je kallon ruwa.

Dan_Sarkawa:
Direba, wanga ruwa ba irin namu na ba. Zurhinai ya wuce mita 400, yana cikin mafiya zurhi a Turai, tsawonai kilomita 46. Kuma ba ya da gaɓa irin ta gulbi da ƙahwa ka taɓa ƙasa a hankali. Wurare da yawa taku kaɗan daga baki sai rami, ruwan ƙasa kuma sanyi ƙarara, daga duwatsun Alps yake sabkowa. Ko wanda ya iya iyo a Rima ya tsaya ga kallo. Kada a zauna kan ƙarhen jirgi don ɗaukar hoto.

Baba_Kanwuri:
Ni abin da ke raina ke nan. Mun ji haɗarin jirgin ruwa da ya faru a Wara ta jihar Kebbi a 2021. Yaya lafiyar jiragen nasu?

Dan_Sarkawa:
Baba, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu. Abin da ka kihe jirage wajenmu sananne na: lodi fiye da ƙima, tsohon katako, kututture cikin ruwa, tahiyar dare, ga babu rigar kariya. Na Komo na hukuma na, Navigazione Laghi ka tahiyar da su. Jiragen ƙarhe na manya, na fiton ma har motoci suka ɗauka. Ma'aikaci na tsaye bakin gada yana ƙidayar masu shiga, adadi na cika sai ya ja igiya ko da tikitinka a hannu. Wanga shi na amincin, shi na kuma matsalar, don tikitin jirgin gama-gari bai kama maka wuri ba. A tsaya layi minti 20 ko 30 kahin lokaci.

Iskar tabkin ma tana da ƙa'ida. Da sahe Tivano ka busowa daga arewa, rana na yi Breva ta taso daga kudu. Ruwan sahe ya hi kwanciya. Mai jin jiri ya zauna tsakiyar jirgi, bene na ƙasa, ya sa ido ga dutse mai nisa, ya bar kallon waya.

Dalibin_Pavia:
Yallaɓai Injiniya, ban ƙi battello ba, lissafin lokaci nake. Awa ɗaya a jirgin ƙasa, rabin awa a layi, awa biyu da rabi a ruwa. In ba a bar otal da sassafe ba, sai ƙarfe ɗaya ake isa Bellagio, lokacin da garin ya cika maƙil. Ta Varenna kuma yawon ruwa bai ƙare ba. Akwai tikitin yini na tsakiyar tafki, centro lago, da shi za ku yi ta zagaya Varenna, Bellagio, Menaggio, Cadenabbia da Tremezzo iya son ranku, kowace tsallaka minti 10 zuwa 20. Nan ne ma tafkin ya fi faɗi, duwatsun suka fi fitowa.

Hajiya_Mabera:
Duk kun manta da dattijon. Tashar Varenna a kan tudu take. Da safe gangara ce, ba laifi. Da yamma hawa ne, bayan an wuni a tsaye, ga tasi ƙalilan a garin. Ni shawarata a shiga ta Varenna, a fita ta Komo inda ƙasa take a shimfiɗe. Sharaɗi ɗaya: kuna sauka Bellagio, kafin shayi kafin hoto, ku je ku sayi tikitin komawa Komo na yamma.

Shi kansa Bellagio hawa biyu ne. Bakin ruwa a miƙe yake, da rumfuna da kujeru. Cikin gari kuwa lunguna ne na matakala, mafi shahara Salita Serbelloni, duwatsun da aka shimfiɗa ƙanana ne masu sulɓi in an yi yayyafi. Baba ya bar wa samari wannan. Ya bi bakin ruwa ya yi kudu, minti 10 zuwa 15 a hankali, zai kai lambun Villa Melzi. An gina gidan tsakanin 1808 da 1810 don Francesco Melzi d'Eril, mataimakin Napoleon a Jamhuriyar Italiya ta lokacin. Gidan ba a shiga, lambun ake biya a shiga, hanyar da ke bin ruwa kuma ba hawa. Akwai wata 'yar rumfa mai ƙubba a bakin ruwan, ginin salon Larabawan Magrib. Ado ce kawai, kada a ɗauka masallaci ne.

Dan_Marina:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan na gwiwa shi ne damuwata. To sallah fa? Juma'a ce.

Malam_Gidan_Igwai:
Alhaji, a duba abu uku. Na farko, kun sauka Litinin za ku tashi Asabar, kwana huɗu cikakku ke nan a Milan, Talata zuwa Juma'a. A mazhabar Malik, niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin tafiya, saboda haka cika sallah za ku yi, ba ƙasaru ba. Na biyu, fita daga Milan zuwa tafkin sabuwar tafiya ce, sai ta kai mil 48 ake ƙasaru, wato kilomita 80 da ɗoriya a lissafin da aka fi bi. Komo kusan kilomita 50 ne, Bellagio yana ƙasa da iyakar ko a bakinta. Cikawa ta fi kuɓuta. Na uku, rangwamen haɗa azahar da la'asar a wurinmu na tafiyar tudu ne, ban da ta ruwa, haka yake a Muhtasar na Halil. Amma ba ku ma da bukatarsa. A ƙarshen Satumba rana tana karkata wajen 1:15 agogon can, la'asar wajen 4:35, faɗuwar rana wajen 7:15. Ku yi azahar a Bellagio, ku yi la'asar kafin ku hau jirgin yamma.

Juma'a kuwa, Bellagio gari ne da mutanensa ba su kai 4,000 ba, kada ku sa ran masallaci. Mai son Juma'a ya tsaya Milan, akwai masallacin Segrate da aka buɗe a 1988, ya ɗaga yawon zuwa Litinin ko wata rana.

Abu_Hanan_Arkilla:
Allah gafarta Malam, akwai malaman da suka halatta haɗawa a kowace tafiya, ruwa ko tudu. Kada a ƙuntata wa mutane.

Malam_Gidan_Igwai:
Akwai su, ban musa ba. Na faɗi abin da Alhaji ya tashi a kai ne. Ƙari biyu: alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas mai ɗan karkata arewa irin ta Sakkwato ba. Sannan dutse yana ɓoye rana tun da sauran lokaci, inuwa ta rufe gari alhali magariba ba ta yi ba. A bi jadawali, kada a bi ido.

Direban_Illela:
Malam, masu sayar da fata ne fa. In sun rasa huffi a Italiya ai abin kunya ya same mu.

Malam_Gidan_Igwai:
Ka yi wasa amma ka faɗi gaskiya. Huffin fata mai rufe idon sawu, a sa shi bayan cikakkiyar alwala a otal, sai shafa. Ya raba ku da ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu a banɗakin mutane, abin da suke ƙi ƙwarai. A riƙe ƙaramar gorar ruwa a madadin buta, da 'yan sulalla, don banɗakin tasha na kuɗi ne, daga rabin yuro zuwa yuro ɗaya. Wurin shimfiɗa darduma, a bi ta arewa zuwa Punta Spartivento, ƙarshen hancin garin inda ruwan ya rabu, minti 10 daga kwata. Akwai ciyawa da sarari.

Injiniya_Rima:
Tunda an ambaci Juma'a, ga abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya: yajin aiki. Kalmar ita ce sciopero, kuma ana yawan sa shi Juma'a ko ƙarshen mako. Ba a yinsa kwatsam, ana sanarwa kwanaki kafin ranar, saboda haka ku duba shafin Trenord tun ranar Laraba. A ranakun aiki doka ta tanadi jiragen da dole su tashi, daga 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma. Tsakanin nan babu tabbas.

Na biyu tikitin takarda. Sayensa bai isa ba, sai an zura shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci. Mai duba tikiti ya same shi ba bugu, tara ce nan take, ba ya sauraron "ni baƙo ne". Wanda aka saya ta manhaja yana ɗauke da rana da lokacinsa, ba ya bukatar na'ura. A Centrale kuma duk wanda ya matso yana cewa zai taya ku latsa injin tikiti, a ce masa a'a, a riƙe aljihu.

Dalibin_Pavia:
Ƙari kan na Injiniya. In ta Varenna za ku dawo, ku sayi na dawowa tun a Milan, tashar ƙarama ce, layin yamma kuma dogo. Jiragen galibi awa-awa ne, wani lokaci tazarar ta kai awa biyu, wanda ya kuɓuce maka da minti ɗaya ya ci maka yamma. A Bellagio ma jirgin fito mai ɗaukar motoci da jiragen fasinja ba wuri ɗaya suke tsayawa ba, akwai 'yar tafiya tsakaninsu. Mutane suna yin rabin awa a layin da ba nasu ba. A nuna wa ma'aikaci tikiti a tambayi lambar pontile, wato gadar hawa.

Uwar_Gida_Runjin_Sambo:
Ba wanda ya yi zancen ciki. Abincin tafkin kifi ne, wannan sauƙi ne gare mu. Lavarello gasasshe, farin kifi ne marar ƙaya da yawa. Persico ana soya shi da man shanu a ɗora kan shinkafa. Missoltini kuwa bandar kifi ce irin tasu, a rana ake shanya shi da gishiri, a ci da polenta, wadda ba ta da maraba da tuwon masara. Baba zai ji kamar yana gida.

Inda ake zamewa: shinkafarsu risotto galibi da farar giya ake fara dafa ta, romon kuma na nama ne. Sai an tambaya, "senza vino?" Kalmomin da za a guje wa a takardar abinci: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, speck, salame, lardo, da strutto, wato kitsen alade da ake sa wa wasu burodi. Bresaola naman sa ne, amma ba yankanmu ba. Pizza margherita ko taliya da tumatir ba su da rigima.

Kicin da yawa suna rufewa wajen 2:30 zuwa 3, sai dare. A ci tsakanin 12:30 da 2. Za ku ga coperto a takardar kuɗi, yuro 2 zuwa 4 kan kowane mutum, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce. Teburin bakin ruwa ya fi na cikin lungu tsada nesa ba kusa ba. Famfunan titi ana sha, sai wanda aka rubuta wa non potabile.

Direban_Illela:
A zuba kilishi da dabino a jaka a huta da senza senza.

Uwar_Gida_Runjin_Sambo:
Dabino e, kilishi a'a. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe, wataƙila har da tara.

Dan_Marina:
Kilishin ma har an yi oda. To kuɗi fa, ba wanda ya ba ni adadi.

Dalibin_Pavia:
Farashi yana motsi, amma a ƙiyasce kan mutum ɗaya: jirgin ƙasa zuwa da dawowa wajen yuro 15, fiton Varenna wajen 5 kowace tsallaka, Komo zuwa Bellagio 10 da ɗoriya a battello, wajen 15 a mai sauri, lambu wajen 10, abinci 20 zuwa 30. Wanda ya riƙe yuro 70 zuwa 80 ba zai ji kunya ba, ban da tsaraba. Kati yana aiki kusan ko'ina, amma a riƙe 'yan canji.

Hajiya_Mabera:
Tsaraba kuwa siliki ce, da ita aka san Komo tun ƙarnoni. Gyale da ɗankwali. A duba 'yar takardar jiki, a ga 100% seta. In an ga poliestere, roba ce ko da an ce daga Komo take. Sayayyar da ta haura yuro 70 a shago ɗaya ana iya neman a mayar da harajinta: a nuna fasfo a shagon a karɓi takarda, a tabbatar da ita a filin jirgin sama na Malpensa kafin a ba da kaya.

Injiniya_Rima:
Fasfon ma dole yana jiki, na ainihi, doka ce ga baƙo. Komo tana manne da iyakar Suwizalan. In kuka bi ta ɗaya tashar, Como San Giovanni, wadda take minti 40 daga Centrale, jiragen da yawa suna zarcewa Chiasso da Lugano. Mai gyangyaɗi sai ya farka a wata ƙasa. Bizar Schengen tana shiga can, amma tikitinka bai kai ba. Waya ma takan kama layin Suwizalan a kusa da iyaka, kuɗin data ya tashi, don ba ta cikin tsarin Tarayyar Turai. A zaɓi layi da hannu. Sannan a Satumba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, a tabbata waya ta juya.

Baba_Kanwuri:
Sanyi fa? Kada a kai dattijo ya dawo da mura.

Dan_Sarkawa:
Baba, a gari rana na da daɗi, kamar sahiyar hunturu da hantsi ya ɗaga. Bisa ruwa ne iska ka shiga ƙashi, musamman sahe da bayan la'asar. Rigar sanyi guda, hula mai kama kai, da 'yar lema, don Satumba ana samun ruwan sama. Babbar riga a bar ta otal, iska na cika ta kamar tanti, matakala kuma na kama bakinta. Kaftani da takalmi mai taushin ƙasa. Silifas da takalmin fata mai santsi su ka kada mutane bisa gadar jirgi in ta jiƙe.

Abu_Hanan_Arkilla:
Masu zuwa baje kolin Fabrairu kada su ɗauki wannan lissafin. Lokacin jadawalin hunturu ake bi, jirage kaɗan ne, lambun Melzi a rufe yake sai wajen ƙarshen Maris, shaguna da otal da yawa a Bellagio ma a kulle, rana kuma tana faɗuwa wajen 6. A Fabrairu gara a tsaya garin Komo, a hau jirgin igiya mai hawa dutse zuwa Brunate, minti 7 ne, yana aiki tun 1894, a ga tafkin daga sama.

Injiniya_Rima:
Ni dai ina nan kan bakata. A bar Cadorna da bakwai, a kama battello na farko, Baba ya samu kujera a inuwa ya zauna awa biyu ba tashi ba hawa, tafkin yana zuwa masa da kansa. Wace hanya ce ta fi wannan sauƙi ga gwiwa? Hawan Varenna na yamma, a yi shi a hankali cikin minti 20.

Hajiya_Mabera:
Sai ka ga layin fiton Varenna da ƙarfe biyar tukuna, Injiniya. Duk wanda ya shigo da safe lokacin yake son fita. Jirgi biyu na iya cika a gabanka, Baba yana tsaye.

Dalibin_Pavia:
Kowace aka zaɓa, kada a dogara da jirgin ƙarshe, a nufi na biyu kafin shi. In ruwa ya ƙi gaba ɗaya, ko iska ta sa an soke mai sauri, akwai bas C30 daga Bellagio zuwa Komo, awa ɗaya da minti 10, hanya siririya mai kwana-kwana a gefen dutse. Ita ma tana cika, kuma gara a sayi tikitinta kafin a hau.

Dan_Marina:
Na gode ƙwarai jama'a. Zan kai wa Baba duka biyun ya zaɓa, da maganar Malam ta Juma'a, don ina jin ita za ta fi tsaya masa. In mun mayar da yawon Litinin, jirginmu 6 na safe yake sauka Malpensa. Zai yiwu?

Injiniya_Rima:
Zai yiwu a takarda. Cire awa ɗaya zuwa biyu na shige da fice da jiran kaya, kusan awa ɗaya a Malpensa Express zuwa Cadorna ko Centrale, sannan ajiye akwatuna, don otal ba ya ba da ɗaki sai wajen 2 na rana, amma yana karɓar ajiya. Kafin 11 ba ku bar Milan ba. A wannan lissafin battello ya fita, sai Varenna.

Hajiya_Mabera:
Mutumin da ya kwana zaune a jirgi, ga gwiwa, ga kasuwa washegari? Alhaji, tambayi Baba tukuna.